Shekarar da na Raba Gonar Babana Gida Biyar

Na san sunan da kuka sa wa wannan shekara idan kun haɗu ba na kusa. Kuna ce mata shekarar da Inna ta yi wasa da abincin gida. Ban taɓa musa muku ba, don a lokacin ban san da wane baki zan yi bayani ba, daga baya kuma kowa ya kama gabansa. Yanzu da na ajiye alli, gwiwoyi suka zaunar da ni a tsakar gida, ina so in rubuta muku yadda abin ya faru tun daga tushe. Ke Nana, autata, ki karanta a hankali, domin ke ce abin ya fi faɗa wa a ka.

Na yi shekara ashirin da wani abu ina riƙe da ajin manya a lakwal, makarantar bokon ƙauyenmu, gabas da Waca, ajin da daga shi sai kwalaji. Darasin kimiyya yadda aka koya mini haka nake koyar da shi. In rubuta a tabulo, allon aji, da Faransanci, yara su kwafa a kaye, littafinsu na rubutu, su rera har ya zauna. Tsiro yana buƙatar ruwa da iska da haske. Ƴaƴan manoma ne, tun suna shekara shida suke bin iyayensu shuka, amma idan suna rera wannan jimla sai ka ga idonsu ya tafi wani wuri, kamar ana maganar wani tsiro ne da ke can ƙasar Turawa, wanda bai haɗa dangi da geron bayan gidansu ba. Suna cin jarrabawa, ana yaba mini. Ni kaɗai na san abin da nake ji idan na kulle aji.

Cikin sanyin wannan shekara aka kira mu Magarya horo na kwana shida. Wata yarinya ƴar Yamai, wadda da ƙyar ta girmi yayarku Zainabu, ta raba mana wasu alluna na gilashi da ake ce wa tablet, ta ce mu buɗe wani wasa. Da na taɓa sai ga gona, ƴar ƙarama kamar tafin hannu, da yashinta ja irin namu. A gefe an jera iri kala-kala, da taki, da itatuwa, da hauya. Ka zaɓi abin da za ka shuka da yadda za ka shuka shi, ka danna, sai hadari ya haɗo a cikin gilashin. Ruwa ya sauko. Tsiro ya leƙo, ya miƙe, ya yi kara, ya fid da kai, ya nuna, kafin ka gama gyara zama an ɗaure damma an jera maka su. Damina guda ba ta wuce minti uku. Wani lokaci ruwan ya zo da yawa, wani lokaci ya ɗauke ana tsakiyar buƙatarsa, kuma ba ka da ikon sanin wanne za ka samu.

Sauran malamai sun yi dariya, sun taɓa sau biyu sau uku, suka fita shan shayi. Ni ban tashi ba. Hasken la'asar yana shigowa ta taga yana kwanciya a kan teburi, ina ta shuka ina girbewa, shekaru suna wucewa a ƙarƙashin yatsana. Can sai na tuna Babana, kakanku Malam Ila. Ya yi noma wajen damina hamsin kafin Allah ya karɓi abinsa, kowace damina gwaji ɗaya tak yake da shi, idan ya kuskure kuma cikinmu ne ke gaya masa. Ni kuwa tsakanin azahar da la'asar na yi damina sittin, na kuskure a rabinsu, ba wanda ya kwana da yunwa. Na ji kamar yana tsaye a bayana da hauyarsa a kafaɗa, yana leƙen gilashin. Har na juya.

Aka ba lakwal ɗinmu tablet takwas da faifan hasken rana guda. Ranar da na dawo na nuna wa mutanen gida. Babanku ya ɗago daga kan keken ɗinkinsa ya duba, ya ce ikon Allah, ya koma kan rigar da yake yi. Kakarku Iya, mahaifiyarsa, ita ce ta karɓa ta kusanto da shi fuskarta, don idonta ya riga ya fara yin hazo. Na sa aka yi ruwa. Ta ɗora yatsa a kai, ta ɗaga ta murza.

"Ƴar nan, wannan ruwan naku ai ba ya jiƙa hannu."

"Na koyo ne, Iya."

"To. Allah ya sa a koyi alheri."

Yara sittin da ƴan kai gare ni, don haka na kasa su takwas, kowane rukuni da gonarsa. Makon farko hauka suka yi. Wannan ya zuba taki har gonar ta ƙone, wancan ya sare itatuwa duka don ya ga abin da zai faru. Da na ga sun gaji da ɓarna sai na kafa musu doka biyu. Kafin ka danna, ka rubuta a kaye abin da kake zaton zai faru. Kuma abu ɗaya kaɗai za ka canja a kowace damina, sauran ka bar su yadda suke, in ba haka ba ba za ka san wanda ya yi aikin ba. Daga nan ajin ya sake. Ina iya rufe ido yanzu in gan su, kawuna takwas-takwas a haɗe, koren haske yana wasa a haɓarsu, ana gardama da Hausa ƙasa-ƙasa a kan ko tazarar shuka ce ko sa'ar ruwa. Yaran da ban taɓa jin muryarsu ba sai wajen rera jimla, ga su suna cewa, a'a, a sake, damina ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba.

A cikinsu akwai Tsahara, doguwa, mai shiru, wadda ke zama a bencin baya. Mahaifinta Malam Habu yana cikin manoman da ake jin maganarsu a garin. Wata safiya ya zo har bakin aji ya yi sallama, na fita muka gaisa. Bai ɗaga murya ba.

"Madam, jiya ƴarki ta ce mini ina cunkusa shuka. Na ce wa ya gaya mata, ta ce gilashi. Shi ne na zo in ji, shi gilashin a wace gona ya yi noma?"

Na yi ta kame-kame, na ce masana ne suka tsara shi, sun yi bincike. Ya saurare ni har na gama, ya ce madalla, ya tafi. Da na koma ciki na tarar duk sun ji. Sai Tsahara ta ɗaga hannu.

"Madam, ke kika ce kada mu yarda da abu sai mun gwada. Mun gwada a cikin wasan. Amma shi wasan wa ya gwada shi?"

Shekara ashirin ina jiran wani yaro ya yi mini irin wannan tambaya. Da ta zo kuma sai na kauce mata. Na ce su buɗe littafin lissafi.

Kwana da kwanaki tambayar tana bina, a bakin murhu, a kan hanyar rijiya. Gonar lakwal ba mu da ita. Ba kuwa uban da zai ba da tasa a yi gwaji. Gona ɗaya ce nake da iko da ita, wadda na gada wurin Babana, mai gawo huɗu a kusurwar arewa. Kun san ita ce ke cika babban rumbu. Albashina da ɗinkin babanku ba sa kai mu ƙarshen wata ko a shekarar alheri, ga mu baki goma sha ɗaya. Duk wannan na san shi. Kada wani ya ce muku ban sani ba.

Wata Juma'a da hantsi, babanku yana yanka yadi a zaure, Iya tana gefe a kan tabarma tana ɓare gujiya, na je na durƙusa na faɗi abin da nake so. Zan raba gonar gida biyar. Yanki ɗaya a noma shi yadda Baba yake yi. Ɗaya a hana shi taki sam. Ɗaya a ba shi taki amma kada a yi masa cira, a bar tsiron a cunkushe. Ɗaya shi ne na gindin gawo, ba a ƙara masa komai. Na biyar kuma a bi abin da ya fi ba da damma a cikin wasan, wato iri mai saurin nuna da ɗan tsunkulin takin zamani a kowane gurbi. Babanku ya ajiye almakashi.

"Malama, tsaya in fahimta. Kin san wanda ba a sa wa taki ba ba zai yi ba?"

"Ina zaton haka, Malam."

"Kuma za ki shuka shi."

"In ba shi, yaran ba su da abin da za su auna sauran da shi."

Iya ba ta daina ɓare gujiyarta ba. Ta yi magana kamar da ƙwaryar take.

"Na ga wanda fari ya cinye wa gona. Na ga wanda fara ta cinye wa. Ban taɓa ganin wanda ya zauna da hankalinsa ya ware wa yunwa nata kason ba."

Babanku ya naɗe yadin da ke gabansa. Daga ƙarshe ya ce gonar gadona ce, ba zai hana ni ba, amma in tuna ba ni kaɗai ke ci daga cikinta ba. Na ce masa yanki na biyar zai rufe asarar sauran har ya yi rara. Na faɗa da ƙarfin zuciya, don na gani da idona sau ba adadi a cikin gilashin.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ranar da muka je awo da igiya, yaran sun so a yi yankunan daidai wa daida. Tsahara har ta ce in ba daidai ba ne awon ba zai yi gaskiya ba. Ni na hana. Na ja igiyar na ba yanki na biyar kusan rabin gonar, don tsoron maganar Iya da kuma yardar da na yi da wasan. A wannan yanki kuma na canja iri na canja taki lokaci guda, na karya dokar da ni na kafa. Yaran sun lura. Suka bi ni a haka, saboda ni ce Madam.

Ruwan shuka ya sauka ana saura kwana kaɗan a ba da hutu. Duk tsawon hutun, ranar Alhamis da yamma, waɗanda iyayensu suka bari sukan zo gonar, wani lokaci su ashirin, wani lokaci bakwai. Suna da sanda mai zane da suke auna tsawon kara, da kaye guda da Tsahara ke riƙewa a cikin leda. Ban taɓa yin damina mai daɗin wannan ba, kuma ina jin kunyar faɗar haka. Nakan zauna a gindin gawo, wanda ya kaɗe ganyensa kamar yadda yake yi in ruwa ya sauka, in bi gizagizai da ido ta tsakanin ƙayoyinsa. Ke Nana kina da shekara shida, kina bina da ƴar butarki, ki yi ta haƙa rijiyoyi a yashi har barci ya ɗauke ki a kan zanena. Muryoyin yaran suna tasowa daga cikin geron suna kiran lambobi da Faransanci, iska ta kwashe rabi. A nan komai a hankali yake tafiya. Abin da gilashi ke yi a ƙiftawar ido, ƙasa sai ta ɗauki mako uku, kuma yaran suka koyi jira. Wanda aka hana taki ya tsaya gajere, rawaya, abin tausayi, masu wucewa suna nuna shi da baki. Na cunkushe ya yi sirara kamar tsintsiya. Na gindin gawo ya yi duhu, ya yi kauri. Na biyar kuwa ya wuce kowa. Ya fid da kai tun gonakin maƙwabta ba su yi ciki ba, zangarniya tsaye reras har iyakar gani. Babanku ya zo ya gani, ya karya ɗaya, ya gasa tumu ya kai wa Iya. Ta ci abinta.

Bayan kwana huɗu, da sassafe, na hango wani abu kamar hayaƙi yana tasowa daga wajen fadama. Yana miƙewa, yana naɗewa, yana sake buɗewa kamar ana kaɗa baƙin mayafi a sama. Na tsaya ina kallo, har ga Allah kyau ya yi mini. Sai da ya karkato ya sauka a kan gonata na gane tsuntsaye ne, ƴan jan-baki. A duk faɗin karkarar nan babu geron da ya yi ƙwaya sai nawa. Da gonaki sun nuna tare, da kowa ya ɗan taɓa asara kaɗan. Nawa shi kaɗai ya shirya musu.

Mun yi abin da za mu iya. Ku manya kun tuna, kun ɗaura gwangwanaye a igiya, kun yi kuwwa har muryarku ta dushe. Yaran lakwal suka zo da majaujawa. In an kore su a gabas su sauka a yamma. Kwana tara aka yi, yanki na biyar ya zama fanko, ba ƙwaya, zangarniya tsaye fari fat kamar an wanke. Bayan haka ruwa ya ɗauke da wuri, kowa a garin ya samu ƙasa da yadda ya saba, hatsi ya yi tsada tun kaka.

Duk da haka ranar girbi mun yi awo, don yaran sun ce sai an ƙarasa. Aka auna taku ashirin-ashirin a kowane yanki, aka sussuke, aka zuba a tiya, kwanon awo. Na gindin gawo ne ya zo gaba, na Baba yana bin sa. Malam Habu yana tsaye a kan iyaka, hannu a baya, tun farko har ƙarshe. Da aka gama ya matso ya ɗebi ɗan abin da ya rage na yanki na biyar ya duba a tafinsa.

"Irin ba shi da laifi, Madam. Ƙwayarsa ta yi kyau. Amma tun ranar da kuka shuka shi na san tsuntsu zai zo."

"Malam, me ya hana ka gaya mini?"

"Ba ku tambaye ni ba. Gilashi kuka tambaya."

Ban ji haushinsa ba. Da aka koma lakwal na roƙe shi ya shigo aji, ya zo, ya zauna a kan kujerata yana jin nauyi. Tsahara, wadda ba ta samu wucewa kwalaji ba amma ya yarda ta maimaita ajin maimakon ya cire ta, ta tashi ta rubuta a tabulo abubuwan da wasan ya faɗa daidai, kuma suna da yawa, maganar taki da ta cira da ta gawo duk sun fito yadda ya ce. A ɗaya gefen ta rubuta abin da bai sani ba. Ta fara da tsuntsu. Yara suka ƙara ƙuduji, da awakin da ke kutsawa, da gonar maƙwabci. Malam Habu ya ƙara musu guda huɗu da ni kaina ban taɓa ji ba. Ba su daina wasan ba, sun ma fi son sa. Sai dai daga ranar, duk abin da ya nuna musu, wani zai ce, to, me ya manta? Wannan shi ne abin da na samu. Ban san yadda ake auna shi a tiya ba.

A gida kuwa rumbu ko rabi bai kai ba. Babanku bai taɓa ce mini ga abin da na gaya miki ba, ko sau ɗaya, kuma shirun nan ya fi mini zafi. Iya ta rage cin tuwonta da kanta, tana cewa ciki ne ba ya so. Kafin sanyi ya fita muka koma ci sau biyu.

Sai gwaggonku Hasiya ta zo daga Magarya. Kun san Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma tun kina goye, Nana, take roƙon a ba ta ke. Shekara biyar ina hanawa, ina cewa sai kin ƙara wayo, babanku yana goyon bayana. Wannan karon ta zo da buhun gero a bayan mota, ba ta ma yi maganar ba sai da za ta koma. Iya ce ta kira ni ɗakinta.

"Ƴar nan, a can za ta ci sau uku. Ga lakwal a bakin ƙofa. Zuwa kaka kawai."

Na duba babanku, ya sunkuyar da kai. Da rumbu a cike yake, da na ce a'a kamar kullum, kuma da an bar ni. A ranar ba ni da bakin. Na san ba zuwa kaka ba ne, kowa a ɗakin ya sani.

Saboda haka, abin da aka gaya miki cewa gwaggonki ce ta nace har aka gaji, ba haka ba ne. Ta riƙe ki da amana, ta yi miki abin da ban iya ba, kuma da kike ce mata Inna ni kuma kina ce mini Madam kamar sauran yaran gari, ban taɓa gyara miki ba don ta cancanta. Ba tsuntsaye suka raba mu ba. Ni na ja igiyar nan.

Na raka ku tashar Waca ranar kasuwa. Na yi miki kitso tun ana gobe tafiya, na ɗaure miki kayanki a ɗankwalina. Aka ɗora ki a cinyar gwaggonki kusa da taga, ta saya miki rake, kina ta fama da shi da haƙoranki na gaba da suka fara girgiɗa. Da direba ya tada mota kika leƙo.

"Inna, in na dawo za mu je gona?"

Na ce za mu je. Motar ta bi hanyar Magarya, na tsaya har na daina jin ƙararta. Sannan na kama hanyar gida a ƙafa, ban tsaya neman kabu-kabu ba. Na iso ana buga ƙarfen shiga aji na yamma, yara sun riga sun jeru a bakin ƙofa suna jirana. Na goge fuskata da bakin mayafi, na buɗe musu.